Albashin Shugabannin Manyan Makarantu: Ina Ya Kamata Iyaka Ta Tsaya?

Gabatarwa

Maganar albashi magana ce da ya kamata duk mai shirin shiga aikin koyarwa ya fahimce ta tun yana ɗalibi, domin kuwa da ita ake gane irin darajar da al'umma ta ba kowane aiki. A Nijeriya an daɗe ana jin kukan malamai game da ƙarancin abin da suke samu, amma ba a cika tsayawa a dubi ɗaya ɓangaren ba, wato abin da ake kashewa a kan masu riƙe da manyan kujeru a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Waɗannan su ne shugaban makaranta da mataimakansa, da magatakarda, da ma'aji, da shugaban ɗakin karatu, sai kuma 'yan majalisar gudanarwa. Shin ya dace a yanka wa abin da waɗannan jami'ai ke karɓa iyaka? Idan ya dace, wace irin iyaka ce za ta yi amfani?

Matsayin wannan maƙala shi ne iyaka ta dace, har ma ta zama wajibi. Sai dai idan aka ɗora ta a kan tsurar albashi kaɗai, an yi aikin baban giwa. Iyakar da za ta yi tasiri ita ce wadda ta haɗe dukkan abin da kujera ke ci a shekara, aka ɗaure ta da albashin malamin da ke shiga aji, sannan aka bayyana ta ga jama'a. Za a dubi al'amarin ta fuskar mutanen karkara, irin na ƙasar Ƙetare da maƙwabtanta, domin su ne suka fi kowa jin raɗaɗi idan aka karkatar da kuɗin ilimi daga inda ya kamata.

Aljihun da Kuɗin ke Fitowa

Ƙetare gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, a kudancin Jihar Katsina. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa. Masara da dawa da waken suya da auduga su ne jarinsu. Idan ɗan wannan yanki ya samu gurbin karatu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko wata makaranta a Zariya, galibi buhunan hatsi ake fitarwa daga rumbu, ko a kai akuya ko ɗan maraƙi kasuwa, kafin a haɗa masa kuɗin rajista da na ɗaki da na mota.

Ba ta nan kaɗai talaka ke biya ba. Kuɗin man fetur da gwamnatoci ke rabawa duk wata dukiyar kowa da kowa ce, kuma harajin saye da sayarwa, wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a shekarar 2020, yana hawa kan mai sayen katin waya a kasuwar ƙauye kamar yadda yake hawa kan attajirin birni. Saboda haka duk nairar da ta shiga asusun makarantar gwamnati amana ce ta jama'a, kuma mai amana yana da haƙƙin ya san yadda aka yi da kayansa.

Akwai wani dalili da ya sa maganar ta fi nauyi a wannan yanki. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai fiye da 300, waɗanda aka sako bayan kusan mako guda. A shekarun da suka biyo baya makarantu da dama a ƙauyukan yankin sun sha rufewa da buɗewa saboda rashin tsaro. Malamin da ke ɗaukar alli ya shiga aji a irin wannan hali, yawanci kwalejin ilimi ce ta yaye shi. Idan kwalejin da ta horar da shi ba ta da isassun littattafai da kayan gwaji, ko ta kasa tura malamai su duba shi yadda ya kamata a lokacin koyarwar gwaji, alhali ofishin shugabanta bai rasa komai ba, to yaran Ƙetare ne za su biya bashin wannan saɓani a cikin ajinsu.

Taƙaitaccen Tarihin Tsarin Albashi

Yanka wa masu mulki albashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa baitulmalin En'e, aka raba tsakanin dukiyar hukuma da aljihun mai sarauta, aka sa Sarki da hakimai a kan albashi sananne da ake rubutawa a kasafin kuɗi. Ko da yake manufar Turawan mulkin mallaka ita ce su ƙara riƙe ragamar haraji, tsarin ya kafa ƙa'idar da har yau ake buƙatarta: mai riƙe da kujera yana da rabo ƙayyadadde, sauran kuwa na jama'a ne.

Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamitin Jerome Udoji a 1972, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974. Wannan kwamiti ya sa ma'aikatan jami'o'i cikin tsarin albashi ɗaya da sauran ma'aikatan gwamnati, kuma ariyas ɗin da aka biya ya jawo hauhawar farashin da dattawa ke tunawa har yanzu. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, kwamitin Cookey ya sake ware wa jami'o'i nasu tsarin. Shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, albashin malamai ya koma abin tausayi, masana da dama suka yi ƙaura zuwa ƙasashen waje. Yajin aikin da ƙungiyar ASUU ta yi a ƙarƙashin jagorancin Attahiru Jega ya haifar da yarjejeniyar 1992, wadda daga cikinta aka samu dokar harajin ilimi ta 1993. Dokar ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, kuma ita ce tushen asusun da ya koma TETFund a 2011. Wannan asusu gine-gine da bincike da horar da malamai yake ɗaukar nauyi, ba ya biyan albashi.

A shekarar 1993 ɗin aka kafa Hukumar Tsara Albashi ta Ƙasa, wadda ke fitar da jadawalin abin da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ke karɓa. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta fito da manufar mayar da gatan ma'aikata kuɗi, wato maimakon a ba jami'i gida da mota da barori daga hukuma, sai a lissafa su a zuba masa cikin albashi. Daga 2007 aka shiga amfani da dunƙulallen tsarin albashi: CONUASS ga malaman jami'a, daga baya kuma CONPCASS ga malaman kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Yarjejeniyar 2009 tsakanin Gwamnatin Tarayya da ASUU ta kawo ƙari, amma aka shafe shekaru fiye da goma ba a sake yi wa jadawalin wani babban gyara ba. Har zuwa yajin aikin wata takwas na 2022, wanda aka fara 14 ga Fabrairu aka janye 14 ga Oktoba, abin da farfesan da ya kai ƙarshen mataki ke kai wa gida bai kai naira 500,000 a wata ba. A 2023 aka amince da ƙarin kashi 35 cikin ɗari ga farfesoshi da takwarorinsu na kwalejoji, da kashi 25 ga sauran malamai, amma cire tallafin man fetur da faɗuwar naira a wannan shekarar suka cinye ƙarin, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, malamin babbar makaranta a Nijeriya bai taɓa zama cikin waɗanda ake zargi da cin albashi fiye da kima ba. Idan aka kwatanta da 'yan siyasa, tazarar ta fi fitowa fili. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya ce adadin ya kai naira miliyan 21, wato ninki 300 na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a wannan shekarar. Duk mai neman a tsuke bakin aljihu a ƙasar nan ya san inda ya kamata a fara.

Inda Gizo ke Saƙa

To idan haka ne, me ya kawo maganar iyaka a manyan makarantu? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin albashi da abin da kujera ke ci. A takarda, albashin shugaban makarantar tarayya yana da iyaka, tunda hukuma ce ke yanka shi, kuma gwamnatocin jihohi kan ɗauki jadawalin tarayya su daidaita shi da ƙarfin aljihunsu. Amma kujerar tana tafe da wasu abubuwa da ba su bayyana a takardar albashi: motocin ofis da man da suke sha, gida da gyaransa da kayan cikinsa, janareto, kuɗin karɓar baƙi, alawus na tafiye-tafiye a cikin gida da waje, kuɗin zaman kwamitoci, da abin da ake sallamar jami'i da shi idan wa'adinsa ya cika. Haka 'yan majalisar gudanarwa suke da kuɗin zama da na masauki da na mota duk lokacin da suka taru. Da yawa daga cikin waɗannan kuɗaɗe suna fitowa ne daga kuɗin shigar da makaranta ke tarawa da kanta, wato kuɗin rajista da na fom da na shirye-shiryen karatun hutu da na karɓar sakamako. Ma'ana, daga buhun masarar nan da aka sayar.

Ba zargi ake yi wa wata makaranta ko wani shugaba ba. Akwai shugabanni masu tsoron Allah da suka gama wa'adinsu suka koma aji ba tare da sun tara komai ba. Laifin na tsarin ne, domin ya bar ƙofar a buɗe, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗalibi ko mahaifinsa ba su da wata hanya mai sauƙi ta sanin nawa ofishin shugaba ya ci a shekara, da nawa aka kashe a ɗakin karatu. Inda ba a sani ba kuwa zato ke cika wurin, kuma zaton yakan shafi mai laifi da marar laifi.

Illa ta biyu ta fi wannan zurfi. Idan albashin aji ya yi ƙasa, gatan ofis ya yi sama, sai hankalin ƙwararrun malamai ya koma kan neman muƙami. Malamin da ya kamata ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana rainon ƙananan malamai da rubuta littattafai, sai ya shiga kamun ƙafa wajen masu faɗa a ji. Duk lokacin da kujerar shugaban jami'a ta zama babu kowa, farfesoshi da yawa ke rububinta, wani lokaci har rigima ta ɓarke. A Nuwamban 2024 Gwamnatin Tarayya ta rushe majalisar gudanarwar Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, ta soke naɗin shugabanta, kuma a Fabrairun 2025 aka yi makamancin haka a Jami'ar Abuja, duk bayan taƙaddama kan yadda aka yi naɗi. Ba za a ce kuɗi ne kaɗai ke haddasa irin wannan ba, domin akwai son girma da siyasa da ɓangaranci. Amma da a ce tazarar da ke tsakanin aji da ofis ba ta da faɗi, da zafin neman ya ragu.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

A Ingila an yi wannan muhawara a fili. An ɗaga kuɗin makarantar jami'a zuwa fam 9,000 a shekara a 2012, ya koma fam 9,250 a 2017, ɗalibai suka riƙa fita da bashi mai nauyi. A daidai wannan lokaci aka gano cewa shugabar Jami'ar Bath, Glynis Breakwell, tana karɓar kimanin fam 468,000 a shekara. Surutun da ya biyo baya ya sa ta sanar da ajiye aiki a Nuwamban 2017. Binciken ƙungiyar malamai ya nuna cewa mafi yawan shugabannin jami'o'in ƙasar suna cikin kwamitin da ke yanka musu albashi, ko suna da damar halartar zamansa. Gwamnati ba ta kafa iyaka da doka ba. Abin da ta yi shi ne tilasta wa jami'o'i su bayyana abin da shugabanninsu ke karɓa, su kuma kawo hujja idan ya wuce fam 150,000, adadin da ya yi kusan daidai da albashin Firayim Minista a lokacin. A 2018 shugabannin majalisun gudanarwa suka fitar da ƙa'idar da ta hana shugaban jami'a zama ɗan kwamitin da ke yanka masa albashi, ta kuma nemi a riƙa buga ninki nawa albashinsa ya yi na matsakaicin ma'aikaci.

Ƙasar Holan kuwa doka ta kafa. Daga 2013 aka hana manyan jami'an hukumomin da ke cin kuɗin gwamnati, har da na jami'o'i, karɓar fiye da kashi 130 cikin ɗari na albashin minista, sannan a 2015 aka sauko da iyakar ta yi daidai da albashin minista. Jami'o'in ƙasar ba su rushe ba saboda wannan doka, kuma ba su rasa masu shugabantarsu ba.

Halin Nijeriya ya bambanta da na waɗannan ƙasashe, domin a can tsurar albashin ce ta yi yawa, a nan kuwa abin da ke kewaye da albashin ne ba a gani. Duk da haka darussa biyu sun shafe mu. Na farko, ba a barin mutum ya zama alƙali a shari'ar aljihunsa. Na biyu, bayyana lissafi kaɗai yana rage ɓarna tun kafin a kai ga hukunci.

Hujjojin Masu Adawa da Iyaka

Masu ganin bai kamata a sa iyaka ba suna da hujjojin da suka cancanci a saurara. Ta farko ita ce nauyin aikin. Shugaban babbar makaranta yana riƙe da dubban ɗalibai da ɗaruruwan ma'aikata, yana fama da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan kwangila da matsin lambar 'yan siyasa, ga kuma kula da tsaron rayuka, wanda a jihohi irin su Katsina da Zamfara ya zama abin hana barci. Wa'adinsa a makarantun tarayya shekara biyar ne rak, babu tazarce. Wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya sa a fifita shi a kan sauran malamai. Amma nauyin aiki hujja ce ta a biya shi da kyau, bai zama hujjar a ɓoye abin da ake biyansa ba, ko a bar shi babu ƙayyadewa.

Hujja ta biyu ita ce, idan aka matsa, ƙwararru za su guje wa shugabanci, su tafi kamfanoni ko ƙasashen waje. Abin da ake gani a zahiri ya saɓa wa haka. Kujerun shugabanci ba su taɓa rasa manema ba. Waɗanda ke tserewa su ne matasan malamai masu digiri na biyu da na uku, da likitocin asibitocin koyarwa, da masana kimiyyar kwamfuta, waɗanda albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Idan ana tsoron ƙaurar masana, ƙasan tsani ya kamata a gyara.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi: idan aka yanka iyaka a kan albashi, sai a karkata a ɓullo da sababbin alawus da wasu sunaye, ko kuma a tura jami'i ga neman na goro a wajen 'yan kwangila. Manufar 2003 ta mayar da gata kuɗi ta ba da misali, domin a ma'aikatu da dama an biya kuɗin, sannan motocin ofis suka dawo ta bayan gida. Wannan gargaɗi ne game da irin iyakar da za a kafa, kuma shi ya sa ya zama dole ta haɗe komai. Maganin cin hanci kuwa bincike ne da hukunci. Babu albashin da ya isa ya ƙosar da mai haɗama.

Hujja ta huɗu ita ce kuɗin da za a tsimi bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kasafin makaranta baki ɗaya. Ko da an yarda da haka, kuɗin mota ɗaya ta alfarma ya isa ya cika kantoci da dama na ɗakin karatu, ko ya biya kuɗin zirga-zirgar malaman da za su duba ɗalibai a makarantun ƙauye a lokacin koyarwar gwaji. Bayan haka, shugaban da ya fara tsuke nasa aljihun shi ke da bakin ce wa ma'aikata su yi haƙuri.

Irin Iyakar da Ta Dace

Abu na farko shi ne a haɗe lissafi. Albashi da alawus da kuɗin gida da mota da tafiye-tafiye da sallama, duk a tara su a fitar da jimilla ɗaya ga kowane babban jami'i, da wata jimillar ga majalisar gudanarwa.

Na biyu, a ɗaure wannan jimilla da albashin malamin aji. Alal misali, doka tana iya cewa abin da shugaban kwaleji zai samu na ƙashin kansa kada ya wuce ninki biyu na abin da malami mafi girman mataki ke samu a wannan kwaleji, kuma abin da ofishinsa zai ci kada ya wuce wani kaso ƙayyadadde na kuɗin shigar makaranta. Ana iya yin muhawara a kan adadin, amma hikimar ita ce shugaba ba zai samu ƙari ba sai malamansa sun samu. Ta haka ya zama mai fafutukar gyaran albashinsu, tunda jirgi ɗaya ya ɗauko su. Wannan ya fi a yanka adadin naira tsayayye, wanda hauhawar farashi za ta mayar da shi abin dariya cikin shekara biyu.

Na uku, a bayyana. Kowace makarantar gwamnati ta buga wannan lissafi sau ɗaya a shekara, a allon sanarwa da shafinta na intanet, cikin harshen da iyaye za su fahimta, har da Hausa. Tushen doka yana nan. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati cikin jami'an da dole su bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumomin tarayya. Abin da ya rage shi ne bayanin ya riƙa fitowa ba sai an roƙa ba. Jihar Katsina tana da abin koyi a gida: marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda tsohon malamin kimiyyar haɗa sinadarai ne, ya bayyana kadarorinsa ga jama'a bayan ya hau kujerar Shugaban Ƙasa a 2007, kuma a 2009 ya nemi a rage albashin masu riƙe da muƙaman siyasa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Na huɗu, kada jami'i ya zauna a taron da ake yanke abin da zai shiga aljihunsa, kuma a sa wakilin malamai da na ɗalibai su ga lissafin kafin a amince da shi.

Na biyar, a hana sayen sababbin motocin shugabanni ko ƙara musu alawus a duk shekarar da makaranta ke riƙe da haƙƙin ma'aikata, ko kuɗin ƙarin girma, ko ladan malaman wucin gadi.

Na shida, kwamitocin ziyara da ake turawa su binciki makarantu, irin waɗanda Gwamnatin Tarayya ta tura jami'o'i da kwalejoji a 2021, su riƙa duba wannan babi musamman, a kuma fitar da rahotonsu a kan lokaci. Ga kwalejojin ilimi, Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989 don kula da ingancinsu, tana iya sa bayyana lissafi cikin sharuɗɗan amincewa da kwasa-kwasai.

Duk waɗannan ba za su wadatar ba idan ba a ɗaga darajar aji ba. Ya kamata malamin da ya zaɓi ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa ya iya riƙe iyalinsa cikin mutunci ba tare da ya taɓa riƙe muƙami ba. Haka kuma alkawuran da aka yi wa malaman firamare da sakandare suna jiran cikawa. A 2008 gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari ga malamai, jihohi da dama suka yi ta jan ƙafa. A ranar 5 ga Oktoba, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai da alawus ga masu aiki a karkara. Dokar da ta ƙara shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki, ta fito a 2022, amma ƙarin shekaru ba ya cika tukunya. Malamin da aka tura ƙauyukan Faskari ko Sabuwa ya fi kowa cancantar alawus na hatsari da na nisa.

Kammalawa

Tarihin Musulunci ya nuna cewa lokacin da aka naɗa Sayyidina Abubakar halifa, sahabbai ne suka yanka masa abin da zai ishe shi da iyalinsa daga baitulmali, domin ya bar kasuwanci ya fuskanci al'amuran jama'a, kuma da ajalinsa ya gabato ya yi wasiyyar a mayar da abin da ya karɓa. A cikin wannan akwai amsa ga ɓangarorin biyu: shugaba yana da haƙƙin a wadata shi, kuma wasu ne ke yanka masa, a gaban idon jama'a.

Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yaye mutane irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Isa Kaita. Da yawansu da alli suka fara aiki, kuma martabar da suka samu a idon jama'a ta samo asali ne daga amanar da aka shaide su da ita. Ɗaliban da ke kwalejojin ilimi a yau, cikinsu akwai waɗanda za su zama shugabannin makarantun firamare, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, da shugabannin kwalejoji. Kuɗin farko da zai shiga hannunsu yana iya zama na ƙungiyar iyaye da malamai a wata makarantar ƙauye. Wanda ya saba karanta lissafin wannan ɗan kuɗi a gaban iyaye ba zai ji nauyin bayyana lissafin ofishinsa ba ranar da ya hau babbar kujera. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin tsurar albashi da abin da kujera ke ci, kamar yadda ya zo a wannan maƙala.
2. Kawo hujjoji uku na masu adawa da sa iyaka, tare da amsar da aka ba kowace.
3. Kwatanta matakin da aka ɗauka a Ingila da wanda aka ɗauka a Holan. Wanne ya fi dacewa da Nijeriya, kuma me ya sa?
4. Fito da karin magana uku daga cikin maƙalar, ka bayyana yadda kowanne ya ƙarfafa hujjar da aka kawo shi a kanta.